Ci Gaban da Obinna Ya Kawo

Markar bana ta zo da naci. Tun shekaranjiya sama ba ta ɗaga ba, yayyafi kawai ake yi a hankali, kayan da na shanya a baranda sun fara warin danshi, ashana ma sai na ɓata rabin kwali kafin ɗaya ta kama. Duk sanda Samaru ta yi irin wannan duhun da rana tsaka, ni ba sanyi nake fara ji ba, yunwa nake ji, ko da yanzu na tashi daga kan kwano. Jikina bai manta wata damina ba, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta, malaman jami'a kuma suna yajin aiki.

Wanda bai zauna Samaru ba ba zai gane abin da yajin aiki yake yi mata ba. Da ɗalibai garin yake ci. Ranar da suka kwashi jakunkunansu suka cika tasha, da cinikin kowa suka tafi. Mai shayin bakin layinmu ya daina soya ƙwai, daga baya ya daina fitowa gaba ɗaya. Masu fotokofi suka rufe. 'Yan acaɓa suna kwance a kan baburansu a gindin bishiya, in ka gifta duk su ɗago kai lokaci guda. A gidan hayar da nake, kowane ɗaki a garƙame yake sai nawa. Ciyawa ta fito a tsakar gida har gwiwa, kwaɗi suka mamaye bakin rijiya. Akwai ranakun da ba na magana da kowa in ban da amsa sallama a masallaci.

Ina aji biyu a jami'ar a lokacin. Ban tafi gida ba don babu gidan da zan je. Mahaifina ya rasu tun ina sakandare, aka raba gidan, mahaifiyata ta koma wurin danginta a wani ƙauye bayan Funtua, ita da ƙannena mata a ɗaki ɗaya. Kawuna da yake riƙe da karatuna ya ce mini a waya, "Zauna abinka, Habibu, kwana nawa ne za su janye." Shi ma damina ta kama shi, taki ya cinye abin hannunsa, amfanin gona kuma da saura. Ban ga laifinsa ba, na dai daina kiransa don kada in sa shi ba ni haƙuri.

Na shiga azumi da ɗan buhun garin kwaki, gwangwanin sikari da ƙuli-ƙuli. Sikarin ne ya fara tafiya, ƙulin ya bi shi. Sahur ya koma gari da gishiri da ruwan rijiya, in sha a tsaye ina jin ruwa yana ɗiga cikin bokitin da na tara inda kwanon ɗakin yake yoyo. Azumin damina ba ƙishirwa gare shi ba, yunwa ce zalla, mai sanyi, wadda take sa gwiwa rawa in ka taso daga sujada. A masallacin unguwa ana raba kunu da magariba, amma 'yan kasuwar da suke kawowa su ma ciniki ya tsaya musu, kunun ya tsinke har kana hango gindin kofi. Ni kuma Allah ya yi ni da girman kai irin na wanda ba shi da komai. Gara in kwana ciki yana kuka da in tsaya a ƙofar wani lokacin cin abinci ba tare da dalili ba. Sai in karɓi dabino ɗaya in ce alhamdu lillahi, na bar girki a ɗaki.

Abu ɗaya ya rage da nake so a duniya, katun ɗin Japan. Yanzu kowa anime yake cewa, har masu gemu. Mu a lokacin katun muke cewa, a yi ta mana dariya wai ƙato da kai kana kallon abin yara. Abokin zamana ya tafi da na'urar kallonsa, ya bar mini tsohon kekensa. A kan keken nan wata rana na kama hanyar Sabon Gari, ba don ina da abin sayen komai ba, don dai in ji muryar mutum.

Obinna yana da rumfar sayar da faifan fina-finai a cikin kasuwa. Ibo ne, amma a Muchia aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Sa'ana ne, dogo, mai dariya da duk jikinsa, kuma a wurinsa nake sayen faifai lokacin da duniya take lafiya. Yana hango ni ya buga cinya.

"Kai, Malam Habibu! Ashe ba ka gudu ba? Na ɗauka duk 'yan boko sun watse."

"Ina nan. Ni aka bar wa gadin jami'ar kada a sace ta."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya jawo benci da ƙafa. "Zauna. An kawo wani sabon katun ɗinka, ban gwada ba. Taya ni dubawa ko yana maƙalewa."

Faifan irin mai ɗauke da kashi da yawa ne, bangonsa duk rubutun Caina, ba wanda ya san sunan labarin. Fassarar Turancin da take gudu a ƙasa kuwa, Allah kaɗai ya san wanda ya yi ta, jarumi yau sunansa kaza, gobe ya koma wani. Sai muka raɗa musu namu. Jarumin muka sa masa Ɗan Maƙeri. Saurayi ne mai yawo da tsagaggiyar ƙararrawa a wuya, yana neman yayansa da ya ƙetare wani kogi, kogin da duk wanda ya ƙetare shi yake manta sunansa da sunan kowa nasa. Ba mu yi nisa ba aka ɗauke wuta, kasuwa ta ɗauki tsaki. Obinna ya ce mu rufe mu tafi gida, akwai ɗan janareta.

Gidan haya ne a Muchia, ciki da falo, ƙamshin manja ya kama labulen ƙofa. Mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Mama Obinna, abinci take sayarwa a bakin titi da rana. Gajeriya ce mai kauri, in tana magana a tsakar gida ana jin ta daga layi na gaba. Muna tsakiyar kallo aka kira magariba a masallacin bayansu. Na miƙe zan sulale, sai ga ta ta tare ƙofa da faranti, teba da miyar agushi tana tururi.

"Mama, na gode, akwai abinci a gida."

"Wane gida? Samaru? Kafin ka kai Samaru ka faɗi a hanya. Nama na mahautan kasuwa ne, yankan Musulmi, babu matsala. Oya, sha ruwa ka ci."

Na ci. Lomar farko har kunnena na ji zafinta, na sunkuyar da kai don kada su ga idona. A hanyar komawa na zauna da kaina muka yi shari'a, na yanke hukunci cewa kallo ne ya kai ni gidan, abinci tarar da ni ya yi. Da wannan hukuncin na rayu.

Daga nan kwanakin suka sami tsari. In yi azahar a Samaru, in naɗe ƙafar wando, in rufa da leda, in hau keke. Kafin in kai Kwangila cinyata ta mutu, motoci suna watsa mini jan ruwa, wani lokaci sai na sauka na tura. A rumfa in taya Obinna zura faifai cikin leda, in hadari ya taso mu ja tamfol mu danne gefensa da duwatsu. In mun koma gida muka tarar ruwa ya cika tsakar gida, mu ɗauki bokiti da tsintsiya mu kwashe tare da maƙwabta, Mama tana ba da umarni daga bakin murhu. Ni ne mai tsinke mata ganyen miya, tana cewa hannun ɗan boko ya fi na ɗanta hankali. Fetur ɗin janareta ba ya wuce kashi biyu ko uku, don haka labarin ma awonsa muke yi kamar hatsi. In an kira salla in ci, in je masallaci, in dawo in ɗauki keke. Sau da yawa sai na yi nisa nake jin ɗumi a jakata, gasasshiyar masara ce a takarda, ta sahur.

Wajen tsakiyar azumi faifan ya ƙare. Ɗan Maƙeri ya sa ƙafa ɗaya cikin kwalekwalen wata mata mai fito a bakin kogin, ya waiwayo, allo ya yi baƙi. Muka duba, muka sake dubawa, babu sauran komai. Obinna ya zagaya duk masu sayar da faifai a kasuwa, ba wanda yake da ci gaba.

"To, sai an kawo," na ce, ina ɗaure takalmi.

Mama ta leƙo. "Gobe ka zo da wuri, akwai kifi."

Na ce in sha Allahu, na kuma san ba zan zo ba. Dalilina ya ƙare tare da faifan.

Kwanakin da suka biyo baya su ne nake ji a jikina har yau. Ruwa ya tsaya a kan garin bai ɗaga ba. Garin kwaki ya ƙare, na karkaɗe buhun a kan takarda. Na shiga ciyawar tsakar gida na tsinko tafasa, na dafa da gishiri, ita ce buɗa baki ita ce sahur. Katifa ta yi danshi, bango ya yi tsanwa. Ina kwance ina kallon rufi, wayata a gefe ba ta ƙara, ina tunanin in na mutu a ɗakin nan sai an janye yajin aiki za a sani. Yunwar da sauƙi a kan kaɗaicin. Ban taɓa jin ba ni da kowa a duniya ba irin na lokacin, amma ko sau ɗaya ban taɓa keken nan ba.

Ranar Lahadi da rana na ji ana dukan ƙofar gida. Obinna ne cikin kayan coci, farar riga, laka har gwiwar wando. Ya shigo ɗakin, idonsa ya bi ta kan tukunya ya wuce. Ya zaro faifai daga aljihu, ba bango, an rubuta lamba biyu a jikinsa da baƙin alƙalami.

"Ci gaba ya iso daga Legas. Ni ba zan kalla ni kaɗai ba, ba na gane kansa. Sa takalminka."

Da muka kunna, na yi zaton an yi kuskure. Babu Ɗan Maƙeri, babu kogi. Wani mutum ne mai farin gashi, direban jirgin ƙasa a cikin hamada, ba ya dariya, ba ya maganar inda ya fito. Zanen ma ya bambanta, fuskoki sun fi tsawo, launi ya fi duhu.

"Obinna, anya wannan shi ne?"

"Haka suka ba ni. Kai ne ɗan jami'a, kai za ka gaya mini."

Kafin kashi na biyu ya ƙare na gano. Na miƙe tsaye har na kusa ture farantin Mama. Direban nan ai shi ne yayan! Wannan ita ce duniyar da take bayan kogi, shi ya sa launinta ya canza, shi ya sa bai san daga inda ya fito ba. Ba ka ga yadda yake tsayawa cak duk sanda ƙararrawar jirgi ta kaɗa ba? Obinna ya karkata kai ya ce shi bai yarda ba, direban nan da ganin idonsa mugu ne. Daga ranar musu ya zama sana'armu.

Na dawo da ƙarfina. A kan keke nake tsara hujjoji, in iso rumfa ban gama hutawa ba in fara zuba. Tabon da yake hannun direba, na ce ƙunar maƙera ce. Wata yarinya mai sayar da ruwa a tasha, na ce ita ce mai kwalekwalen ta sake kama. Duk abin da na kawo Obinna sai ya rushe. Da faifan ya kusa ƙarewa sai ga shi da labari mai zafi, masu kawo masa kaya sun ce akwai babban fim da zai fito, a nan 'yan'uwan za su haɗu, ana sa ran isowarsa kowane lokaci. Shi ke nan, ko da kallo ya ƙare, kullum ina hanya in ji ko ya iso, in bai iso ba mu mayar da tsofaffin mu nemi alamun da muka tsallake.

"In suka haɗu kashe shi zai yi," in ji Obinna, yana ɓare gyaɗa. "Bai san shi ba. Yaro ya tare masa jirgi, ya bi ta kansa."

"Ba zai yiwu ba! Yana jin ƙararrawar nan zai tuna."

"An ce maka kogin yana goge komai."

"Suna yake gogewa. Ya za a yi mutum ya ga ɗan'uwansa bai gane shi ba?"

In na zo nan, ni ba wasa nake yi ba. Ina bukatar a ce wanda aka manta da shi, in ya yi ta tafiya, akwai wanda zai gane shi. Mama takan tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Masu manyan idon nan har yanzu ba su ga juna ba? Allah ya sauwaƙe. Kai, ci abincinka yana hucewa."

A haka azumi ya ƙare. Ranar salla Mama ta dafa shinkafa da kaza, ita da ba sallarta ba. Bayan wasu makonni aka janye yajin aiki, ɗalibai suka dawo, mai shayi ya fito da kiret ɗin ƙwai, sabon hatsi ya shigo kasuwa, kawuna ya aiko. Karatu ya taso mu a gaba, zuwa Muchia ya koma na ƙarshen mako, daga baya na jefi-jefi. Duk sanda na je sai na tambayi fim, Obinna ya ce yana hanya. Da wayoyi suka kashe kasuwar faifai, suka tattara suka koma Onitsha. Abin da ya rage tsakaninmu saƙon barka da salla daga wurinsa, na barka da Kirsimeti daga wurina. Na taɓa gwada neman fim ɗin a waya, to amma me zan rubuta, Ɗan Maƙeri?

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a nan Samaru. Iyalina suna Funtua, ni ina nan a ɗaki ɗaya saboda aiki. Jiya da la'asar na shiga adaidaita daga Kwangila, an saki labulen leda saboda ruwa, na tarar da ɗalibai biyu, namiji da mace, sun haɗa kai a kan waya. Tallar wani sabon fim ɗin anime suke kallo, suna tsayar da ita suna mayarwa.

"Kalli hannun nan da kyau. Wallahi malaminsa ne, bai mutu ba."

"Ke dai kin cika tiyori. An nuna kabarinsa fa."

"An nuna gawa? Ka ga gawa?"

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce mu ma a zamaninmu mun jira wani fim, na kwashe labarin Ɗan Maƙeri da direban jirgi na ba su, har da tabo da ƙararrawa. Suka dubi juna. Yarinyar ta danna waya ta nuna mini hoto.

"Baba, wannan ne mai ƙararrawar?"

Shi ne, kamar na ga ɗan unguwarmu. Ta sake dannawa, ga direban.

"Ai waɗannan ba su da haɗi, Baba. Kamfani daban, labari daban. Na farkon ma ba a ƙarasa shi ba, a kwalekwalen aka tsaya. Babu wani fim."

Saurayin ya toshe baki yana dariya, ta zungure shi da gwiwar hannu. Na taya su dariyar, na sauka tun ban kai layinmu ba. A barandar wani shago da aka rufe na tsaya na kira Obinna. Hayaniyar kasuwa ce ta fara amsawa kafin muryarsa.

"Malam Habibu! Lafiya? Ai Kirsimeti da saura."

"Obinna, ashe an cuce mu. Katun ɗin nan biyu ne daban-daban. Masu kawo maka kaya ƙarya suka yi maka."

Ya fashe da dariyar nan tasa.

"Sai yanzu? Malam Habibu, ni na rubuta lamba biyun nan a jikin faifan da hannuna."

Na jingina da ƙofar shagon, shi ya ci gaba.

"Mama ce ta hana ni sakat. Kullum ta zuba naka ta rufe, ya huce, ta ce ina ɗan jami'an nan? Na ce Mama, wannan in ba da dalili ba, ko mutuwa zai yi ba zai zo ba. Ta ce to ka nemo dalili. Na zazzage kwali na ɗauko wanda ya fi tsawo."

"Fim ɗin fa?"

"Wane fim? Faifai ya kusa ƙarewa, azumi da saura, me kake so in yi?"

"Duk musun da muka yi..."

"Ni fa ko son katun ba na yi, kokawa nake kallo. Na dai lura in ka ce fari na ce baƙi, gobe sai ka dawo."

Ruwa yana zuba daga bakin kwano a kan takalmina, ban matsa ba. Na ce ya ba ni Mama in gaishe ta, akwai maganar da ban taɓa yi mata ba. Muryarsa ta sauka cikin hayaniyar kasuwar.

"Mama ta rasu bara, bayan bikin Ista. Na so in kira ka, abubuwa suka yi yawa. Duk sanda saƙonka ya shigo sai na karanta mata, tambayarta ɗaya ce, wai ɗan jami'an nan yana cin abinci kuwa." Ya ja numfashi. "To, kana ci?"

Na ce masa ina ci. Shi kuma wani yana kiransa a shago, ya ce zai neme ni.